Mai Wanke Kwalabe

Ni ne mai wanke kwalabe.
Shekara ashirin da shida ina bayan Malama Kubura,
tun ba a ce mata farfesa ba,
tun tana shiga bas daga Gwammaja
da fulas ɗin ƙanƙara a cinya.

Da asuba mukan je mayanka.
Kowa tsoka yake nema, ita jini.
Wani mahauci ya ce, ko tsafi ne, Hajiya?
Ta ce, tambaya ce.
Ya cika mata fulas, ya ƙi karɓar kuɗi.

A wurinta na ji cewa jini ba ja ba ne kaɗai.
Zuba shi a bututu, bar inji ya wulwula,
jan zai kwanta kamar laka a ƙasan kududdufi,
sama kuwa ruwa, launin man shanu narkakke.
Nan furotin suke, in ji ta,
'yan dakon da ba wanda ya san sunansu.
Hanta ke ƙera yawancinsu,
su yi 'yan makonni suna ɗauka suna saukewa,
jiki ya rushe su, ya sake gini da tubalin.

Takan ɗiga ruwan a takarda, ta jona wuta,
su yi tsere, mai sauri gaba,
sannan ta tsoma a shuɗi.
Layi-layi suke fitowa
kamar zanen da aka tsamo a marinar Ƙofar Mata.
Na gaba, mai kauri, shi take fara duba.

Na tuna Tasi'u daga Kurna,
shekara biyu, ƙafa kamar tulu.
Kakarsa ta ce ƙiba ce, Allah ya yi albarka.
Malama ta danna ɗan yatsa a ƙwaurinsa,
ramin ya ƙi cikowa.
Layinsa siriri ne kamar zaren ɗinki.
Ta ce yana cin tuwo, yunwa na cinsa.
Da kuɗinta ta auno waken suya da gyaɗa,
ta durƙusa a murhun asibiti tana dama kunu,
likitoci na wucewa suna kau da kai.
Sati bakwai, layin ya yi jiki.
Yanzu Tasi'u na sayar da taya a Ƙofar Ruwa,
bai san yana cikin littafi na huɗu ba, shafi na tara.

Akwai shekarar da wuta ta ɗauke kwana goma sha ɗaya,
janareta ba mai.
Aikin damina uku ya ruɓe a firji.
Na jira ta yi kuka.
Ta naɗe hannun riga, ta ce, Ilu, ina sabulu?

Ɗalibanta sun watsu, Zariya, Sakkwato, har ƙetare.
Duk inda ka gan su suna ɗiga ruwa a bututu
ƙaramin yatsansu a ɗage yake.
Sun ɗauka ƙa'ida ce.
Ƙofar bas ce ta karya nata.

Jiya na je gaishe ta.
Ta rame, ƙafafun kuwa sun cika.
Ta danna ƙwaurinta, muka tsaya kallon ramin.
Ta yi dariya, ta ce hantar ta yi ritaya ita ma,
rubuta, da kwanan wata.
Ba ni da takarda. Na rubuta a tafin hannu.

Da zan tafi ta nuna katangar gidan,
inda ruwan bana ya zaftare yaɓe.
Haka muke, ta ce. Kullum ana yaɓa mu,
ba mu ji.

Yau na zo aiki da wuri.
Na wanke kwalabe, na ɗauraye sau uku kamar yadda ta ce,
na ɗaga kowacce ga hasken taga.
Hannun hagu ban bari ya jiƙe ba.